Tuƙin jirgin sama: yaro ya fara yana 17 ko ya yi digiri tukuna?

Baban Khalifa, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Yarona ya gama sakandare bana, shekararsa 17, ya ci lissafi da fiziks da Turanci. Shi dai tuƙin jirgin sama yake so. Mahaifiyarsa ta ce sai ya yi digiri tukuna. Wanda ya san harkar nan ya taimaka, yanzu ne lokacinsa ko a jira?

Malam Buba, Kumo: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya Khalifa. Ni dai ina bayan Hajiya. Ga jami'ar jiha nan cikin gari, ga ta tarayya a Kashere, ga jami'ar ATBU a Bauchi. Ya yi injiniya ko fiziks, ya yi bautar ƙasa, yana ɗan shekara 23 ko 24 sai ya tafi. Matuƙi da lafiyarsa yake cin abinci, ranar da likita ya ce ya sauka daga jirgi, ya samu abin komawa.

Hamma Usman: Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar yaro ya tafi tun ƙwaƙwalwarsa na kama karatu.

Kyaftin, Legas: Salam. Alhaji, bari in fara da doka, don ta nan ake yawan ruɗewa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da lasisi a Najeriya, kuma ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, take bi. Lasisin farko na tuƙin kai da kai, PPL, sai shekara 17. Na kasuwanci, CPL, wanda da shi ake biyan mutum albashi, sai 18, da awa 200 na tashi, ko 150 idan kwas ne na bai-ɗaya a makarantar da aka amince da ita. Babban lasisin, ATPL, wanda ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, sai shekara 21 da awa 1,500. A Amurka ma 23 suka sa. Kenan ta fuskar shekaru Khalifa ya isa ya fara.

Amma ni ba shekarunsa zan tambaye ka ba. Abu biyu zan tambaya: ya yi gwajin lafiya? Kuɗin sun cika har ƙarshe? Idan amsar duka biyun e ce, ya tafi yanzu. A kamfanonin jirage wanda ya riga shiga shi ne gaba, kuma awannin da ka tara ake dubawa, ba furfura ba. Wanda ya shiga yana 20 zai riga wanda ya shiga yana 26 hawa kujerar hagu ta kyaftin, ko da na biyun ya fi shi takardu. Idan kuma kuɗin rabi ne, to shawarar Malam Buba ta fi, ya yi digirin kuna tarawa.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, me ake nufi da har ƙarshe? Na ɗauka da ya karɓi CPL shi ke nan.

Kyaftin: A'a Alhaji. A makaranta ƙananan jirage masu farfela ake koyo da su, irin su Cessna 172 ko Diamond. Kamfani kuwa Boeing 737 ko Embraer gare shi, kuma kowane nau'i sai an yi masa horo na daban a na'urar kwaikwayon jirgi, an rubuta maka shi a lasisi. Wannan horon yawanci da dala ake biya, kamfanoni da yawa kuma sun fi son wanda ya zo da abinsa. Ku tuna matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan a 2013. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe ba su samu jirgi ba, wannan matakin na cikin abin da ya tsayar da su. Ga shi lasisi ba takardar digiri ba ne da za ka ajiye a akwati. Shaidar lafiya tana ƙarewa, izinin tuƙi da na'urori cikin gajimare ana sabunta shi duk shekara, hannu ma yana sanyi. Yaron da ya gama yana 19 ya zauna shekara uku a gida, sai an sake kashe masa kuɗi kafin wani kamfani ya kalle shi.

Dakta, Tudun Wada: Ina goyon bayan Kyaftin a kan gwajin lafiya. Kafin ka biya ko kuɗin fom, kai shi wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwaji mai daraja ta ɗaya. Ba kowane asibiti ke bayarwa ba. Za a duba ido, kunne, zuciya, jini da fitsari. Gilashi ba ya hana tuƙi muddin yana gyara ganin. Abin da ke kayar da samari ba su sani ba shi ne rashin bambance ja da kore, gado ne, ya fi yawa a maza, kuma ba ya jin magani. Farfaɗiya da sikila SS su ma da wuya a wuce da su. Gara ku sani tun yanzu.

Sani mai waya: Akwai sabbin wayoyi da caja a shago, farashi mai sauƙi.

Shugaban zaure: Sani, ranar talla Asabar ce. Goge.

Abban Nana, Bolari: Tunda an buɗe maganar, ni shekarata 34, ina aikin banki, mata ɗaya da 'ya'ya. Tun ina yaro nake son abin nan, har yau in na kai wani filin jirgi na Lawanti sai na tsaya na ga tashinsa. Na makara ne?

Kyaftin: Doka ba ta sa iyakar shekarun farawa ba. Ta sa ta gamawa: 65 ga mai tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. In ka gama kana 36 ko 37, kana da kusan shekara 28 a gaba. Ka dai yi lissafi da idon basira. Za ka bar albashi kusan shekara biyu, ka fara a mataimaki, wataƙila ƙarƙashin wanda ka girma. Gwajin lafiya na shekara-shekara ne, da girma ya zo ya koma duk wata shida, hawan jini da suga kuma a shekarunku suke fara leƙowa. Manya da na gani a aji sun fi yara natsuwa da karatu, yaran sun fi su saurin hannu. Shawarata, kada ka ajiye aiki tukuna. Yi gwajin lafiya, ka ɗauki hutu ka yi PPL, kusan awa 40 ne. A nan za ka gane ko son ne na gaske ko na kallo.

Abban Nana: Na kallo kuma, Kyaftin? Allah Ya shirye ka.

Baffa Jauro, Dukku: Ba wanda ya ambaci soja. Wanda ba shi da miliyoyi ya gwada makarantar horar da hafsoshin soja, NDA ta Kaduna, ɓangaren sojan sama. Gwamnati ke ɗaukar nauyi, ga digiri a ciki. A nan kam shekaru na da muhimmanci, don matasa masu ƙananan shekaru kawai suke ɗauka. Sai dai ba duk wanda ya shiga ke zama matuƙi ba, kuma soja ne kai kafin komai, inda aka tura ka nan za ka.

Maman Ilham: Don Allah mata fa? Tawa tana aji biyar tana irin wannan magana.

Dakta: Hajiya, sharaɗi ɗaya ne ga kowa. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta tuƙa jirgin kasuwanci a Najeriya, a kwalejin jiragen sama ta Zariya ta yi karatu, daga baya ma ta shugabanci kwalejin. Ilham ta riƙe lissafi da fiziks, ta kuma gyara Turancin baka, don da shi ake magana da hasumiyar filin jirgi, har jarrabawarsa ake yi, mataki na 4 ne mafi ƙaranci.

Baban Khalifa: To makaranta fa, wacce kuke ba da shawara?

Kyaftin: A gida akwai kwalejin Zariya, NCAT, tun 1964 take, ita ce uwa. Akwai ta Ilori. A waje mutanenmu sun fi zuwa Afirka ta Kudu, wasu Habasha ko Amurka, amma in ya dawo sai ya mayar da lasisin na Najeriya, da jarrabawarsa da kuɗinsa. Duk wadda za ka zaɓa, kada ka tsaya a ofis. Nemi ɗaliban da ke ciki ka tambaye su jirage nawa ke tashi a yanzu, malamai nawa ne, 'yan ajin da suka gabata wata nawa suka yi kafin su gama. Ka sa hazon hunturu a lissafi, don a Arewa idan ƙura ta sauko ɗalibi ba ya tashi. Kuma kada ka zuba kuɗin gaba ɗaya in akwai halin biya kashi-kashi.

Malam Buba: Har yanzu dai ina kan bakana game da digirin.

Kyaftin: Ba mu saɓa ba Malam. Ana iya yinsa daga baya ta jami'ar karatu daga gida, NOUN, yana aiki, ga cibiyarsu nan a Gombe.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Gwajin lafiyar za mu fara yi. Dakta, a Abuja za mu nemi likitan ko akwai a Kano?

Dakta: Nemi jerin likitocin daga NCAA, ka kira kafin ku kama hanya. Ya tafi da gilashinsa in yana sawa.