Abin da aka tsayar kan kuben wuƙa

A hirar da aka yi a majalisar mahauta da manoma ranar kasuwar Wudil, bakin kowa ya zo ɗaya a kan abu guda: kada ka sayi kube da ka, tafi da wuƙar wajen baduku ya auna. Kuben da ya yi yawa zubar da wuƙa yake, wanda ya matse kuma kaifi ne zai ci shi.

An fi daɗewa a kan fata. Dattawa sun ce ƙirgi, wato fatar saniya, ya fi, domin fatar akuya, duk kyanta, ba ta jure tsini sai an yi mata ciki da siririn katako. Wani baduku ya ƙara da cewa a sa siririyar fata tsakanin ɗinki ta gefen kaifi, in ba haka ba wuƙar za ta yanke zaren. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace, don ta nan yawancin kube ke mutuwa.

Masu cewa tiyon roba ya wadatar ba su samu goyon baya ba, sai dai na wucin gadi. Da damina kuwa, a goge wuƙa ta bushe, a shafa mata man gyaɗa kafin a mayar, saboda fata na riƙe laima, tsatsa ta kama.