Abincin kwikwiyo: mai tsada ya fi kyau ne, ko kuɗin dala muke biya?

Mai Kaji, Zawan

Assalamu alaikum jama'a. Ina da 'yar gonar kaji a bayan Zawan. Sau biyu ɓarayi suna haura mini katanga a damunar bara, shi ya sa na sayo kwikwiyon Boerboel, wani irin ƙaton kare, don gadi. Yau satinsa 11. Wanda ya sayar mini ya haɗa ni da ragowar abincin da yake ba su, na waje ne, yanzu abin da ya rage bai cika kwano ba.

Jiya na shiga garin Jos, shago uku na zaga tsakanin titin Ahmadu Bello da Taminus. Buhu mai kilo 15 na irin wanda ya saba ci, kuɗinsa ya kusa ninka na gida sau uku. Mai shago ya ce in ina son kare ya yi ƙira, in runtse ido in biya. Maƙwabcina kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, shi da ƙanzo da romon kai ya raini karnukansa. Ni kiwon kaji na sani, kuma na taɓa sayen abinci mai tsada da bai ƙara mini ƙwai ko ɗaya ba. Amma wannan dabba amana ce a hannuna, ba na so in cuce shi garin tattali. Masu sani ku taimaka.

Baba na Gangare

Wa alaikumus salam. Ɗana, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, mu ma da ƙanzo muka raini karnukan farauta. Sai dai karen gida daban, wannan naka mai kan turmi daban. Namu jikinsa tsamurarre ne, yana girma a hankali. Naka kafin ka ankara ya kai maraƙi. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada iyali su riƙa juye masa ragowar miya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe kuma yakan tsage ya soki hanji.

Likitan Dabbobi, Dadin Kowa

Malam Mai Kaji, tsada tana nuna wani abu, amma ba duka ba. Cikin kuɗin buhun waje akwai jirgin ruwa, kwastan, canjin dala da ribar hannu uku ko huɗu. Ko ɗaya ba ya shiga cikin karenka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 tazarar ta ƙara faɗi, alhali abin da ke cikin buhun bai canja ba.

Juya buhun ka karanta bayansa. A tabbata an rubuta na kwikwiyo ne, kuma cikakken abinci ne, ba na haɗawa da wani ba. Ma'aunin AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, wanda kamfanoni da yawa ke bi, ya ce abincin kare mai tasowa kada furotin ya gaza 22.5 cikin 100, kitse 8.5, in an cire ruwan da ke ciki. Na babban kare 18 ne da 5.5. Ka ga ke nan buhun manya, komai tsadarsa, ba na ɗan sati 11 ba ne.

Inda na fi damuwa da kai shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Karen da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, ana son kalsiyam ɗinsa tsakanin 1.2 da 1.8 cikin 100, kuma Boerboel yakan haura kilo 50. Kwikwiyo bai iya tace kalsiyam ba, abin da ka ba shi hanjinsa zai kwashe. In ya yi yawa sai ƙafafun gaba su lanƙwashe, gaɓoɓi su lalace. Na sha ganin wannan a hannun masu kiwon kaji musamman, don kun saba zuba garin ƙashi da farar ƙasa saboda ɓawon ƙwai. Don Allah kada ka ɗiba daga buhun kaji ka ƙara masa. Kuma kada ka cika shi da abinci don ya yi saurin girma. Sau uku ko huɗu a rana, gwargwadon awon da ke jikin buhu, ya zama in ka shafa gefensa kana jin haƙarƙari a ƙarƙashin fata.

A 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi masu yawa a Amurka da Kanada saboda gubar melamin da ta shigo cikin sinadarin alkama daga Sin. A lokacin ne mutane suka gane masana'anta ɗaya ke yi wa gomman sunaye abinci, masu tsada da masu araha. Ban ce duka ɗaya ba ne. Manyan kamfanoni suna da masana da ɗakunan gwaji, wannan ma kuɗi ne kuma yana da amfani. Mai arahar da ta wuce hankali kuwa yawanci masara ce da dusa, nama sai ƙanshi.

Hajiya, Rayfil

Dakta ya gama magana, amma bari in ƙara abin da ya same ni. Na taɓa sayen na waje mai suna, awon mudu, don buhu ya fi ƙarfina a watan. An farke buhun yana ajiye a ƙasa a shago, ga damunar Jos, watan Agusta. Kwana biyu karyata ta kama zawo da amai. Da na kai hanci sai warin tsohon mai, na fasa ƙwaya ɗaya na ga fumfuna a ciki. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin buhun. Kai da ke kiwon kaji ka san abin da ruɓaɓɓiyar masara ke yi wa hanta.

Ƙanena, sayi buhu a rufe, duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ka ɗora shi a kan katako. Sannan ka yi lissafin kwana nawa zai yi maka, ba kuɗin buhu kawai ba. Wani mai arahar sai ka zuba kofi biyar inda wancan uku ya isa, kashin ma ya cika maka tsakar gida.

Mai Kaji, Zawan

Allah ya saka da alheri. Dakta, wallahi kamar ka leƙo gonata, tun shekaranjiya yarona yake barbaɗa masa garin ƙashi, yau na hana. Na koma shagon da safe na karanta buhu huɗu. Mafi tsadar ashe na manya ne. Na ɗauki matsakaici na kwikwiyo, kalsiyam 1.3, ƙaramin buhu don in gwada. Zan fara garwaya shi da ragowar tsohon daga daren yau.

Likitan Dabbobi, Dadin Kowa

Madalla. Kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a kwana biyun farko, ka riƙa ƙarawa har sati guda. Kwano ɗaya na tsohon abincin ba zai kai ka ba, nemi kilo ɗaya ko biyu wajen wanda ya sayar maka da kwikwiyon. In ya cika wata uku ka kai shi allurar haukan kare, ka tafi da katin rigakafinsa a duba ko ta fabo, cutar amai da zawo mai kashe kwikwiyo, ta cika.