Siwici biyu a ɗakin sarba, ta ina zan fara mizaju rezo bai tsaya ba?

Mai tambaya, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema tun kafin in yi abin da-na-sani. Ina aiki a wani kamfanin aika kuɗi nan Maradi, muna da ɗan ɗakin sarba, a ciki akwai siwici biyu Cisco Nexus 9300 da anka haɗa su vPC, wato kowace sarba kabul ɗaya nan ɗaya can, in guda ya mutu ɗayan ya ɗauki kayan. Wanda ya kafa su ya bar aiki ya koma Yamai, ni na gaji abin. Har yanzu suna kan NX-OS 9.3, wato sistem ɗin da ke tahiyar da siwicin, masu odit sunka zo sunka ce mu hau 10.2 kafin ƙarshen wata. Patiro ya ce mini tunda biyu ne ai ba komi, ka yi ma wannan sannan ka yi ma wancan ko da rana tsaka ma, ni ko wallahi gabana faɗuwa yake don ƙananan siwici na biro kawai na saba taɓawa, kuma in rezo ya tsaya minti goma gishenmu na Tasawa da Dakwaro da Madarunfa duk sun tsaya, mutane na layi da kuɗinsu a hannu. Da wanne zan fara, primary ko secondary? Kuma ISSU ɗin nan, wato yin mizaju siwici na kan aiki, da ake cewa ba ya katse komi, in yarda da shi?

Wani yaya daga Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka aje maganar wanne za ka fara da shi tukuna. Wa ya tabbatar maka komi na da kabul biyu? Abin da anka gaya maka kenan, ba abin da idonka ya gani ba. Shiga kowane siwici ka buga show vpc orphan-ports, zai jero maka duk abin da ke rataye kan siwici ɗaya tak. Sannan ka tashi da kanka ka zaga bayan rak da tocila ka bi kabul ɗaya-ɗaya. Ni abin ya taɓa cina, shekarun baya mun yi ma siwici guda mizaju muna ta murna sarbobi duk suna amsawa, ashe kabul ɗin da ke hita zuwa intanet kansa kaɗai yake, wani ya soka shi na wucin gadi ya manta, ciki lahiya lau amma rassa duk sun yanke, sai wayar patiro da ta tashe mu. Kuma ko sarbar da ke da kabul biyu, ba lallai an saita LACP ko bondin, wato abin da ke haɗa kabul biyun su yi aiki tare, a cikinta daidai ba. Gwajin mai sauƙi ne, da dare ka saki ping, umarnin gwada ko na'ura na amsawa, yana tahiya, ka rufe pot ɗaya na sarba guda ka gani ko ta ci gaba da amsawa, ka maida, ka gwada ɗayan. Wadda ta yi shiru yau, ita za ta yi shiru ranar aikin.

Ka duba show vpc ma, peer-link da keepalive, wato hanyoyin da siwicin biyu ke magana da juna, su kasance lahiya, consistency ya nuna success. In akwai abin da bai daidaita ba tun yanzu kada ka taɓa komi sai ka gyara.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyar yaya. Ni kuran zan tuna maka, don takardun Cisco ba su san halin da muke ciki ba. Install all, umarnin yin mizaju, yakan sabunta BIOS ma, wato abin da ke tada siwicin, in da buƙata, kuran ya ɗauke a wannan lokacin kana iya wayar gari da siwicin da ba ya tashi, kuma ba abu ba ne da za ka samu a kasuwa ka sayo. Ka tada gurup tun kafin ka fara, ka cika shi da gazuwal, ka gwada ondilar da kaya a kanta don batiran nan zafin Afrilu da Mayu yana cinye su ba ka sani ba. Kilim ɗin ɗakin ma ya kasance kan gurup. In ka ga hadari ya haɗo, ka ɗaga aikin kawai. Ka duba ko auto-recovery na kunne cikin vPC, shi ne in duka biyun sun mutu ɗaya kaɗai ya tashi, zai jira sakan 240 ya buɗe pot ɗinsa, in babu shi zai zauna jiran ɗan uwansa.

Malama mai koyar da rezo:
Ɗana mine ne cikakken modal ɗin? Tsofaffi irin 9372 da 9396 a 9.3 sunka tsaya, ba su hawa 10. In sabo ne, ka duba jadawalin da Cisco ta yi na hanyar hawa, ka sa lambar da kake kai da wadda za ka, wani lokaci sai ka ya da zango a tsakiya.

Fishiyen sabon NX-OS ɗin ka sauke shi tun da kwana biyu, ya kai wajen jiga 2, da konegisiyonmu yana iya zuwa a gurgunce, don haka bayan ka kwafa cikin bootflash, ma'ajiyar siwicin, ka buga show file da md5sum ka gwada da lambar da ke wurin Cisco. Ka yi copy running-config startup-config, ka kuma aje kwafi a kile. Maganar ISSU ko, kada ka yarda da bakin kowa, siwicin ka tambaya: show install all impact zai gaya maka disruptive ne ko non-disruptive, wato zai katse rezo ko ba zai katse ba. Ni dai ko ya ce non-disruptive shirin katsewa nake yi.

Wanne za a fara? Takardar Cisco ta ISSU da primary take farawa, masu aiki da yawa kuma in da ridimare ne sun fi son secondary. Duka suna yi. Abin da ba ya yi shi ne haɗa su lokaci guda, ko ka yi gaggawar kama na biyu. Na farko ya tashi, vPC yakan jira sakan 30 na delay restore kafin ya buɗe pot, ka ƙara naka haƙurin, ka ga komi ya dawo, ka kira gishe ɗaya su gwada aika kuɗi. In ka ga an rubuta primary, operational secondary kada ka tsorata, haka yake bayan ridimare, ka bar shi. Kuma kabul ɗin konsol a hannunka kana cikin ɗakin, ba daga gida ba.

Wani ɗan uwa:
Banda Litinin da Juma'a dai, ranar kasuwa ce, banda kuma ƙarshen wata lokacin albashi. Daren Asabar bayan isha'i.

Mai tambaya, Maradi:
Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara sani. Malama 93180YC-EX ne. Yaya na bi maganarka jiya da dare, kuma wallahi sai da jikina ya yi sanyi, abu uku na samu kan siwici na farko kaɗai: fayawol ɗinmu, na'urar da muke aje bakap, da kabul ɗin da ke zuwa rassa. Da na bi ta patiro da Litinin ɗin nan da rana zan yi. Ondilar ma da munka gwada minti huɗu ta riƙe. Na kai masa hoton abin da na gani, ya yarda a sayo batir da SFP biyu, wato ƴan na'urorin soka kabul a siwici, ya kuma rubuta ma masu odit a ƙara mana sati biyu. Malama in na buga show install all impact zan turo abin da ya nuna ki duba mini kafin in taɓa komi.