Babbar mota ba ta tashi sai an jona mata batirin wata mota

Direban Garwa:
Assalamu alaikum masu sana'a. Babbar mota ce ta dizal mai batiri biyu, wato 24V, tana jigila tsakanin Garwa da Kusiri. Da safe in an murza makulli sai dai ka ji "kas-kas" daga demarar, wato sitatar da take juya inji ya tashi, fitilun dashbod su dushe. Da an jona mata batirin wata mota sai ta tashi nan take, kuma da rana ko an kashe ta tana sake tashi da kanta. In ta kwana, sai a koma gidan jiya. Batiri ne, dinamo mai cajin batiri ne, ko demarar? Ina son in san abin da zan saya kafin in kashe kuɗi.

Mai Gyaran Wutar Mota, Marwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Tunda tana tashi da joni, demarar ɗinka yana juyawa, wuta ce ba ta isa gare shi. Nemi mitar awon wuta ka yi awo uku.

Da safe kafin a taɓa makulli, auna kowane batiri shi kaɗai, ba a haɗe ba. Cikakke yana ba da 12.6V, 12.2V rabi ne, ƙasa da 12V ya zube. Biyun su zo kusan daidai, in tazararsu ta wuce 0.3V akwai magana.

Sai wani ya murza makulli kai kana kallon mita. Batirin da ya faɗi ƙasa da 9.6V a lokacin ba zai iya ɗaukar nauyin demarar ba, ko da ya nuna 12.5V yana zaune. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, demarar yana ƙonewa.

In ta tashi, ka ɗan taka totur ka auna biyun a haɗe. Dinamo mai lafiya yana ba da 27.6V zuwa 28.8V. In ka ga 25V ko ƙasa, ba ya caji: duba bel ko ya saki, sannan sharbon (gawayin cikin dinamo) da regileta (mai daidaita ƙarfin caji). Ka lura kuma da jar fitilar batiri a dashbod, ya kamata ta kama in an buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa ta wannan ƙwan ne dinamo yake samun wutar farko, in ya ƙone caji ba zai fara ba.

Alhaji na Gareji, Ngaundere:
Ka ƙara da kawunan batiri. Ramukan hanyar Mora zuwa Dabanga suna kwance kowane noti. Kan da ya saki ko ya yi farin gari yana tare wuta, kuma kebul ɗin joni a bayan maƙalin ake dafe shi, shi ya sa take tashi sai a zargi batiri. Cire na mas, wato kan nagatif (-), tukuna, wanke da ruwan zafi da burushin waya, ɗaure sosai, shafa giris a sama. Ka bi wayar mas har inda aka ɗaure ta a shasi da jikin inji, tsatsa a can take ɓuya.

Direban Garwa:
Na gode Alhaji, na gode Malam. Kawuna a ɗaure suke tsaf. Awon safe: ɗaya 12.7V, ɗaya 11.7V. Inji na aiki, a haɗe 28.2V.

Mai Gyaran Wutar Mota, Marwa:
To dinamonka kalau yake. Mai 11.7V ɗin, ba shi ne wanda ƙafarsa ta mas take zuwa shasi ba? Duba wayar da ta haɗa batiran biyu a tsakiya, ina kyautata zaton za ka ga an ɗauki wata siririyar waya daga nan zuwa rediyo, cajar waya ko fanka. Wannan ɗabi'a ta cinye batira masu yawa a yankin nan, kuma tana ba ni takaici, don gyaranta ba wuya. Dinamo jimilla kawai yake gani, 28V. Batirin da ake zuƙa 12V daga gare shi ba ya taɓa cika, ɗan'uwansa kuma yana shan caji fiye da ƙima, ruwansa yana tafasa yana ƙonewa. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Kusiri da ya kan haura digiri 40, biyun duka suna lalacewa, kowanne ta hanyarsa.

Cire wayar nan, sa na'urar da take rage 24V zuwa 12V, da fis ɗinta, a jona ta bayan makulli don ta mutu in an kashe mota. Sauke batiran a caja kowanne daban a hankali, kamar 10A dare guda. Buɗe murafu, ruwa ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya. Tataccen ruwan batiri kawai za a ƙara, ban da asid, ban da ruwan rijiya.

Bakaniken Kusiri:
Na yarda da Malam, amma ban sa rai mai 11.7V zai dawo ba in ya daɗe a haka, farantinsa sun riga sun yi gishiri. In bayan caji ya kwana ya sauka wajen 10.5V, ɗaki ɗaya na cikin batirin ya mutu. A nan sai a canza biyun tare, iri ɗaya, Ah (yawan cajin da batiri yake riƙewa) ɗaya. Sabo da tsoho a jere, tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni.

Ko bayan haka a gwada satar wuta: a kashe komai, a cire kan mas, a sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin kan da wayar. Kamar 0.05A ba laifi. In ya yi yawa, a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har ya sauka. In fis sun ƙare bai sauka ba, a cire babbar wayar dinamo, diyod na cikin dinamo da ya lalace yana zuƙe batiri cikin dare ko da yana caji da rana. Kuma don Allah kada yaran gareji su cire kan batiri inji na aiki wai suna gwada dinamo, haka ake ƙona regileta da kwamfutar mota.