Wa ya fi laifi a Bodyguard: Divya ko Maya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Jiya na sake kallon Bodyguard na Salman Khan da Kareena Kapoor, na 2011, fassarar Hausa. Da farko dariya na dinga yi yadda Lovely Singh (Salman), mai tsaron lafiyar Divya (Kareena), yake binta har cikin aji, ita kuwa kamar ta shaƙe shi. Amma wallahi daga inda Maya, ƙawar Divya, ta shiga jirgin ƙasa ta ce masa ita ce Chhaya, wadda yake soyayya da ita ta waya, tuwona ya huce a gabana ban ci ba. Don Allah, a ganinku wa ta fi zaluntarsa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Divya mana. Bawan Allah na aikin da mahaifinta ya sa shi, ta ɓoye lamba tana kiransa da sunan ƙarya, wai Chhaya, don kawai ya sakar mata mara. Ita ta fara.

'Yar Katsina: A'a Malam. Divya yarinta ce, kuma ta biya, shekaru ta yi ba aure. Maya fa Divya ce ta aike ta wurinsa, ta ci amana.

Maman Biyu: Haka ne 'yar'uwa. Sai dai littafin da ta bar wa ɗanta kafin ta rasu ya sa na kasa tsanarta.