Tiyon silikon ya sha baƙin mai: da me kuka wanke naku?

Mai Shuɗin Tiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa fama da wannan matsala su gaya mini abin da suka gani da idonsu. Na sa wa motata tiyon silikon masu launin shuɗi, na lagireto da na iskar turbo. Yanzu na lagireton na sama ya yi dabbare-dabbare da baƙin mai, shi kuma wanda ya taso daga turbo zuwa intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, kullum a jiƙe yake da maiƙo, ina gogewa yana dawowa. Wani ya ce in sa fetur, wani ya ce kananzir, wani ma feshin wankin birki ya ba ni shawara. Ban taɓa ko ɗaya ba tukuna, tsoro nake ji kada in lalata su. Da me kuka wanke naku, kuma yaya aka ƙare?

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke kawai nake sawa, da soso mai laushi. Sai inji ya huce sarai nake farawa. Ina shafa kumfar, in bar ta ta ɗan zauna a kan maiƙon, in cuɗa a hankali, in ɗauraye, in tsane da ƙyalle. Inda soso ba ya shiga, kamar gefen kilif, tsohon buroshin haƙori ke yi mini aiki. Abin da ya rage sai in ɗiga sifirit na isopropyl a tsumma in bi kansa. Nawa ja ne, har yau da ƙyallinsu.

Tsohon Bakanike:
Yaro na, ka yi kyau da ka tsaya ka tambaya. Amma matsala biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na lagireton, ruwa ne ke bi ta cikinsa, saboda haka man da ke jikinsa daga waje ya zo. Ko an zubar lokacin juyen mai, ko gaskit ɗin murfin saman inji yana tsiyaya, ko tiyon man sitiyari yana fesowa fanka na watsa shi. Wannan sabulu zai fitar da shi kamar yadda direba ya faɗa, in dai bai daɗe a kai ba. Sai dai ka bi sawun man har inda yake fitowa, in ba haka ba wankin banza za ka yi ta yi.

Na turbon shi ne ya fi damuna. Ka ce kana gogewa yana dawowa. Na sha cire irin wannan a hannuna, in leƙa ciki in tarar da mai kwance. Tururin mai yana fitowa daga cikin inji ta birida, wato hanyar da inji ke fitar da tururinsa, wadda ake kira PCV, ya shiga hanyar iska kafin turbo, wani lokaci kuma turbon kansa ne ke sakin mai in ya fara gajiya. Shi silikon zalla ba ya tare mai. Yana tsotsarsa a hankali, ya ratsa zaren da ke tsakiya, ya yi naso ta waje kamar tulu mai zufa. Wanda ya kai wannan matsayi babu sabulun da zai warkar da shi, domin dauɗar tana cikin naman tiyon.

Ka cire shi ka matsa da yatsa. In ka ji ya yi laushi fiye da 'yan'uwansa, ko ya kumbura, ko fatar ciki ta fara rabuwa da zaren, ka canja shi. Ɗan maiƙo kaɗan a hanyar intakula ba abin tsoro ba ne, kusan kowace mota mai turbo tana da shi. In ka juya tiyon mai ya zubo, ko kana ganin shuɗin hayaƙi a salansa, a duba birida da turbo.

Mai Dizal:
Baba ya gama magana. Ni zan ba da shaida ne a kan fetur. Na kai mota wanki, mai wankin ya jiƙa tsumma da fetur ya bi tiyon intakula ciki da waje don ya burge ni. A ranar sun yi fes, ba zan ɓoye ba. Amma da na taɓa bakin ɗaya na ji ya yi taushi, ya ɗan buɗe fiye da yadda yake. Ba a jima ba ina hawan tudu da kaya na ji fus! Mota ta mutu a ƙafata, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Tiyon ne ya suɓuce daga bakin ƙarfensa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tun da na sa shi bai taɓa motsi ba. Tun daga nan ba na barin kowa ya kusanci silikon da fetur, kananzir, man dizal ko tina.

Abin da na koya wajen mayar da sabo: bakin tiyon ta ciki da bakin ƙarfen duka sai an goge su da sifirit sun bushe ƙayau. Santsin mai ko kaɗan ne, iskar turbo za ta ture shi komai ƙarfin ɗauri.

Mai Gareji:
Ni dai gaskiya ina sa feshin wankin birki, kuma ban ga ɓarna ba. Ba na fesawa a jikin tiyon, a tsumma nake fesawa, in goge da sauri, nan take ya bushe. Aiki in ya yi yawa ba kowa ke da lokacin dafa ruwa ba.

Tsohon Bakanike:
Oga Mai Gareji, na yarda shafa ɗaya da sauri ba lallai ta kashe tiyo ba, saboda abin yana tashi kafin ya shiga sosai. Amma feshin nan iri-iri ne, wani da sinadarin kulorin, wani da dangin fetur, kuma duka suna kumbura silikon in suka zauna a kansa. Kai ka san hannunka. Shi mai tambaya zai iya tsayawa yana fesawa har tabon ya fita, ka ga an yi ɓarna. Ga shi yana cin fenti da wasu robobin da ke kusa. Sifirit ya fi mini kwanciyar rai.

Hajiya Mai Tuƙi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni rawaya ne a motata, kuma launi mai haske ba ya ɓoye komai. Mai ya ɗiga a kan ɗaya, zafin inji ya gasa shi a wurin kafin a lura. Na yi sabulu, na yi sifirit, na kwaɓa bekin soda da ruwa na shafa na bar shi ya jima. Maiƙon ya fita tas, amma inuwar tabon ruwan ƙasa tana nan. Bakanikena ya matsa shi ya ce ƙarfinsa lafiya lau, launi ne kawai ya tafi, na haƙura na bar shi. Ina roƙonku kada ganin tabo ya sa ku ɗauko soson ƙarfe ko reza. Na ga wanda aka kankare haka, fatar ta yi zane-zane, ƙura ta samu wurin zama, daga baya ta nan ya fara tsagewa. Silikon yana jure zafi amma ba ya jure yanka.

Mai Aikin Roba:
Bari in ƙara da abin da na sani daga wajen aiki. Tiyon silikon na mota hawa-hawa ake yinsa, galibi shimfiɗa 3 zuwa 5 na zaren poliyesta ko aramid a tsakanin robar. Mai poliyesta yana ɗaukar zafi wajen digiri 170 zuwa 180 na Selshiyos, ya zarce baƙar robar EPDM da ke zuwa a tiyon lagireto na yawancin motoci. Rauninsa mai ne da fetur. Shi ya sa ake yin wasu da shafin fulorosilikon ko FKM ta ciki, wato robobin da ke jure mai, musamman don hanyar turbo da birida, kuma sau da yawa za ka ga launin cikin ya bambanta da na waje. Ɗan'uwa mai tambaya, in za ka sayi sabo ka tabbatar mai wannan shafin ne.

Abu biyu kuma da mutane ba sa zato. Feshin silikon da man ƙyallin taya ba gata ba ne ga tiyon silikon: robar tana tsotse man silikon, saman ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura. In kuma feshin ya shiga hanyar iska ya ƙone a inji, yana lalata sensar iskar oksijin. Na biyu, ruwan wankin inji mai kaifi, irin mai soda mai ƙuna, yana ɓata alminiyon da ke kusa da tiyon ya bar shi da fari-fari. In dole sai an sa, a sirka shi da ruwa sosai, kada a bari ya bushe a wurin.

Direban Dogon Zango:
Ƙarin tunatarwa ga mai cire na lagireto. Ruwan yana kai wajen digiri 90, kuma a matse yake, kada a kwance kilif sai da sanyin inji. A tari ruwan a mazubi a rufe, in mai sinadarin sanyaya inji ne yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi. In an sa sabulu ta ciki a ɗauraye har kumfa ta ƙare. In kuma a jikin mota za a wanke, a rufe altaneta da filogan waya da leda, a bar injin feshin ruwa mai ƙarfi.

Mai Shuɗin Tiyo:
Allah ya saka muku da alheri, na bi shawararku. Na lagireton ya fita da sabulu da ruwan ɗumi, saura ɗan duhu kusa da baki. Mun gano gaskit ɗin murfin sama ne ke tsiyaya daidai kansa, an canja. Na turbon kuwa Baba ya yi gaskiya: cikinsa shuɗi ne irin na waje, babu wani shafi, ya yi laushi, fatar ciki ta fara ɓarewa. An sa sabuwar birida, turbon kuma an duba shi lafiya. Na nemi tiyo mai fulorosilikon. Tambaya ta ƙarshe Baba, kilif ɗin da na cire ya bar rami a jikin tsohon, in mayar da shi ko in canja?

Tsohon Bakanike:
Canja shi, yaro na. Kilif mai huda-huda yana cin silikon in aka ɗaure. Nemi mai sumul ta ciki da gefe a lanƙwashe, ko mai ƙusar T tunda hanyar turbo ce. Ka zaunar da shi bayan tudun bakin ƙarfen, ka ɗaure daidai ba tare da ya nutse cikin robar ba. In mota ta yi zafi ta huce sau ɗaya ko biyu, ka koma ka ƙara masa ɗan ɗauri, don sabon silikon yana ɗan kwantawa a ƙarƙashin kilif.