Yukren, Takunkumi da Buhun Fulawa: Musayar Baitoci daga Zangunan Kumasi

Malamin Aboabo:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ya" ne, duk mai amsawa ya biyo shi.

Ran 24 ga Fabrairun 2022,
Rasha ta keta iyakar Yukren da safiya.
Mariupol ta zama kufai, an ga gawa a titin Bucha,
Uwa da goyo sun yi hijira Poland da Romaniya.
Da aka zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya,
Ƙasa 141 suka ce ta janye, ban da gardama da murɗiya.
Biyar suka ƙi, 35 suka kame baki,
Ghana ta ɗaga hannu, ta tsaya kan gaskiya.
Gemun ɗan'uwa in ya kama da wuta,
Shafa wa naka ruwa, ƙaramar ƙasa ba ta da kariya.

Hajiya mai burodi, Asawase:
Malam, na ji, kuma na tausaya musu,
Amma leƙo gidan burodina ka sha kallo da safiya.
Alkama ta maƙale a tashar Odesa,
Buhun fulawa ya gagari mai ƙaramar dukiya.
Fetur ya tashi, taki ya tashi, kuɗinmu sidi ya faɗi,
Disambar 2022 tsada ta haura kashi 54, ba ƙarya.
Na rage ma'aikata, na rage girman burodi,
Yaran da na sallama har yau ina jin kunya.
Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba,
Don me takunkumin Turawa ni ce nake biya?

Direban trotro (motar haya), Sabon Zongo:
Hajiya, bari in ɗora a kan naki.

An cire wasu bankunan Rasha daga SWIFT, hanyar tura kuɗi tsakanin bankuna,
An riƙe musu kusan dala biliyan 300 na ajiya.
An ce gangar mai kar ta wuce dala 60,
Sai jiragen suka karkata Sin da Indiya.
Yaƙi bai tsaya ba, Malam, ina amfanin?
Sannan akwai abin da ke ci mini zuciya:
Ɗalibanmu baƙar fata suna gudun bam,
A bakin jirgin ƙasa aka tura su baya.

Alhaji na Tafo:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri.

Hajiya, ba takunkumi ya tare alkama ba,
Jiragen yaƙi ne suka toshe hanya.
Yulin 2022 aka buɗe ta da yarjejeniya,
Da hannun Majalisa da na Turkiyya.
Shekara guda Rasha ta ce ta fita,
To wa ya kamata ki tuhuma, 'yata Hajiya?
Bashinmu kuma ya girmi wannan yaƙi,
Shi ya kai mu IMF, mu daina ɓoye-ɓoye da kewaya.

Kai kuma ɗana, ina yaro a zamanin Nkrumah,
A 1960 Ghana ta ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu ta 'yan wariya.
An ce banza ne, an yi ta mana dariya,
Sai 1990 Mandela ya fito daga sarƙa da wuya.
Takunkumi ba ya kayar da azzalumi a dare ɗaya,
Yana rage masa kuɗin harsashi ne da ƙarfin tafiya.
Wulaƙancin ɗalibanmu ya yi mini zafi,
Amma jaririn Kharkiv ba shi ya tura su baya.

Hajiya mai burodi:
Baba, na karɓi gyara kan alkama,
Amma cikin yarana bai san wannan bambanci ba, sai haƙuri da juriya.

Direban trotro:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabi.

Sudan na ƙonewa tun Afrilun 2023,
Masu tura musu makamai, wa ya rufe musu ajiya?
Gaza ta rushe muna kallo a waya,
Ina takunkumin da aka yi wa Rasha a mako ɗaya?
Hannun da Ghana ta ɗaga don Kyiv na yaba masa,
Ina so in gan shi sama don Khartoum, kuma ban janye tambaya.